Tsohon Inji: A Ɗora Shi Kan Sikeli Ko A Tayar Da Shi?

A rabon gadon manomi, gona ba ta cika ta da jijiyar wuya ba. Sai a kira dattawan da suka san iyaka, a taka, a yi mata kuɗi daidai da yadda aka sayar da ta maƙwabta. Shanu da tumaki kuwa ranar kasuwa ke yanke musu hukunci. Inda ake kai ruwa rana shi ne wurin tsohon injin da marigayi ya bari: Lister ɗin da ke ɗakin niƙa, ko wanda ke jan ruwa a fadama, ko injin tarakta da aka sauke aka ɗora kan katako shekara da shekaru ana cewa za a gyara. Inji ba ya rabuwa sumuni da sudusi. Dole a yi masa ƙima, sau da yawa kuma dole a sayar. To nawa ne kuɗinsa, kuma wa ya dace ya saya?

Masu saye iri biyu ne ke sallama a ƙofar gida. Na farko ɗan gwangwan ne, da sikelinsa da kuɗinsa a aljihu. Ba ruwansa da ko injin yana tashi, nauyi yake saye. Na biyu shi ne mai neman inji don aiki, wataƙila mai niƙa daga wani gari, wataƙila manomin rani, kuma ba ya zuwa sai da makanikensa. Magada ma sukan rabu gida biyu a kan haka, kowane ɓangare da hujjarsa. Ni ina da inda na karkata, amma ba na ganin masu goyon bayan sikeli a matsayin marasa tunani, don haka da su zan fara.

Abu na farko da suke riƙewa shi ne tsabtar cinikin. Kilo kilo ne. A tambayi farashin ƙarfe na ranar, a auna, a lissafa, kowa yana gani. Babu wanda zai ce yaya ya haɗa baki da mai saye, babu matar da za ta kwana tana zargin an tauye wa 'ya'yanta. Kuma ɗan gwangwan ba ya dawowa bayan mako biyu yana cewa injin ya buga a mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya taɓa ganin yadda cinikin tsohon inji ke kai maƙwabta gaban mai gari, ko ma gaban alƙali, ya san wannan ba ƙaramar hujja ba ce. A gidan da ake da marayu da bashin mamaci da za a biya kafin rabo, kuɗi hannu a yau yana da daraja.

Na biyu, suna cewa zamanin waɗannan injuna ya wuce, kuma a nan ma ba su rasa gaskiya ba. Man gas ya yi tashin da babu wanda ya zata, har ya haura naira 1,000 kowace lita a 2024. Fetur kuma tun da aka cire tallafinsa a watan Mayun 2023 ya ninka fiye da sau biyu. Manomin rani da ke da hali yanzu hankalinsa na kan famfon sola, wanda ba ya shan mai, ba ya son baƙin mai, ba ya neman ƙato ya juya masa hannu da asuba. Mai niƙan da ke cikin gari, in yana samun wuta, inji mai aiki da lantarki ya fi masa sauƙi. Wanda ya nace sai inji kuwa, ga na ƙasar Sin nan a kasuwa, sabo fil a akwati, mutum biyu zuwa uku sun ɗora shi a mota. Wa zai ɗauko wa kansa ƙarfen da ya haura kilo 300, wanda sai an yi masa gindin kankare kafin a tayar?

Sannan akwai ramin gyara, wanda ba a ganin ƙarshensa. A buɗe inji don sauya ringi, sai a tarar silinda ta cinye. A sauya ta, sai makanike ya ce injekta ba ta ba da mai yadda ya kamata. Kafin a ankara an narkar da kuɗin da ya fi abin da za a samu. Tsofaffin makanikan da suka ƙware a kan irin waɗannan injuna kuma suna ta ƙarewa, yaransu sun koma gyaran babur da janareta. Duk damina ɗaya da inji ya ƙara a waje, tsatsa na cin nata rabo, ɓarayin ƙarfe ma suna leƙe. Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, a sayar tun ana samun mai taya.

Duk da haka akwai tambayar da nake so su amsa. Idan nauyi kaɗai ne darajar injin, me ya sa ɗan gwangwan mai wayo ba ya kai shi wurin narkarwa kai tsaye? Ku leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ku ga abin da ke faruwa da injin da aka saya da sunan gwangwan. Kwance shi ake yi gunduwa-gunduwa. A ware kan silinda, a ware injekta, a ware kiranshaf da manyan wilolin nan biyu, a jera su ana jiran mai nema. Kowane ɗaya daga cikinsu, in yana da lafiya, ana sayar da shi da farashin kayan gyara, wanda ya yi wa farashin kilo nisa. Abin da ya rage ne kawai ake lodawa tirela zuwa kamfanonin da ke narka ƙarfe su yi rodi, da yawansu a yankin Legas da Ogun. Ba laifi ya yi ba, sana'arsa ce, kuma kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Amma wannan ya nuna cewa shi kansa mai sikelin bai yarda sikeli ne ke faɗin gaskiyar ƙimar inji ba. Ribarsa tana cikin tazarar da ke tsakanin abin da ya sani da abin da magada ba su sani ba.

Masu cewa a ƙimanta inji da aikinsa daga nan suke ɗaukar zance. Mu ɗauki Lister, tunda ana yawan samunsa a tsofaffin ɗakunan niƙa na ƙasar Hausa. Kamfanin R. A. Lister na garin Dursley a Ingila ne ya fara ƙera samfurin da ake kira CS wajen 1930, bai daina ba sai 1987. Mai silinda ɗaya da ƙarfin doki 6 yana juyi 650 ne kacal a minti guda, alhali ƙananan injunan gas na ƙasar Sin da suka cika kasuwa suna yin 2,000 ko fiye. Wannan tafiyar hawainiya ita ce sirrin daɗewarsa: abin da ke juyawa a hankali ba ya saurin cinyewa. Jikinsa ƙarfen zubi ne mai kauri, sanyayarsa ruwa ne a tanki ko durom, babu wata na'ura mai rikitarwa a cikinsa da za ta gagari makaniken ƙauye. An yi shi ne don a buɗe, a sauya abin da ya gaji, a mayar, ya ci gaba. Kuma ko da Ingila ta daina, masana'antun Indiya, musamman na birnin Rajkot a jihar Gujarat, sun daɗe suna ƙera kwafinsa da kayan gyaransa. Ke nan injin da ya shekara 50 ba maraya ba ne a kasuwar kayan gyara.

Sai maganar canji, wadda masu gaggawar sayarwa ba su cika sakawa a lissafi ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wani sabon inji daga waje ake shigo da shi, don haka kuɗinsa ya bi dala ya haye. Tsohon da ke ajiye a gida bai motsa ba, amma darajarsa ta motsa, domin mai neman inji yana auna shi ne da kuɗin sabo. Magajin da ya riƙe farashin da mahaifinsa ya faɗa masa shekaru biyar da suka wuce zai yi sallama da asara yana ganin ya ci riba. Famfon sola kuma, duk da alherinsa, yana son jari mai kauri tun farko, kuma ba ya niƙa, ba ya casar shinkafa da dare. Masu buƙatar injin gas ba su ƙare ba. A yankunan noman rani irin su Kadawa da Kura da ke shan ruwan madatsar Tiga, ko Talatar Mafara da ke kusa da Bakolori, da garuruwan da wuta ba ta kai ba, har gobe inji mai lafiya yana da mai so.

Abin da ya fi damuna a wannan muhawara ma ba kuɗin ba ne. Sayar da inji mai rai ga mai narkarwa kamar kai bajimin huɗa wurin mahauci ne a yi masa kuɗin nama: za a biya, amma an yanka abin da ke ciyar da gida. Ƙauyen da aka fasa injin niƙansa, mata da yara ne za su ɗauki hatsi a ka zuwa wani gari, ko su koma turmi. Kuma wanda aka narka ba ya dawowa. Ba ma ƙera irinsa a nan, waɗanda suka ƙera na asalin ma sun daina. Duk wanda ya shiga tukunyar narkarwa ya fita daga hannunmu ke nan har abada, ya koma rodin da za a zuba a decking ɗin wani bene.

Sai dai masu wannan ra'ayi su ma suna da inda suke zarce gona da iri. Sukan ɗauka tsufa kaɗai daraja ce. Akwai labarin da ke yawo cewa Turawa na sayen tsofaffin injuna da kuɗi masu yawa. Gaskiya ne a Ingila da Amurka akwai masu sha'awar tara su, suna gyarawa suna kai su wuraren baje koli. Amma wannan kasuwa tana can, kuma can ma injunan suna da yawa. Kuɗin ɗaukar ƙarfe mai wannan nauyi zuwa tashar jirgin ruwa kaɗai ya isa ya kashe cinikin. Wanda ya ƙi sayarwa yana jiran Bature, tsatsa ce za ta gaje shi. Haka nan akwai masu haɗa ƙaunar mahaifi da farashi. "Baba da wannan injin ya aurar da mu duka," gaskiya ne, amma mai saye ba zai biya kuɗin wannan tarihin ba, kuma bai kamata a zarge shi ba.

Suna ma yana da tasiri, kuma a injin tarakta aka fi ganin haka. Massey Ferguson, wanda ya sayi kamfanin injuna na Perkins a 1959, ya bazu a duniya, har yanzu ana harhaɗa shi a Fakistan, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu a manyan kasuwanninmu. Tsohon injin Perkins ko a kwance yake yana da masu nema. Taraktocin Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi tun ƙarshen shekarun 1970 an san su da ƙarfi, amma da masana'antar ta durƙushe sai neman kayansu ya zama aiki, mai saye kuma yana rage kuɗi saboda haka. Ta wani gefen kuma ƙarancin nan yakan sa gunduwar da ke da lafiya ta yi tsada wurin wanda tasa taraktar ke tsaye saboda ita. Irin wannan injin wani lokaci ya fi kuɗi a kwance fiye da a haɗe. Ƙananan famfunan fetur kuwa, irin waɗanda suka yaɗu da shirin Fadama tun shekarun 1990, in sun gaji sun gaji, a nan masu sikeli ne da gaskiya.

To ta yaya za a san wanne ne a gabanmu? A ganina ba a yi wa inji kuɗi da ido ko da labari. A nemo makanike wanda ba shi da alaƙa da mai saye, kuma ba shi ne zai saya ba, a biya shi ladan dubawa. Ya fara juya wilin da hannu. In ya ƙi motsi, ba lallai ya mutu ba, wataƙila ruwa ne ya shiga silinda fistin ya kama. In yana juyawa sululu babu turjiya bayan an saki abin rage matsi, ƙarfinsa ya zube, ko ta ringi ko ta bawul. Ya zaro baƙin mai ya duba: in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na haɗuwa da shi. Ya kankare datti ya bi jikin injin da kan silinda yana neman tsaga ko tabon walda. A ƙasarmu sanyi ba ya daskarar da ruwa ya fasa inji kamar a Turai, abin da ke fasa namu shi ne a bar shi ya yi zafi babu ruwa, sannan a kwara masa mai sanyi. Ƙurar hunturu kuma ita ke cin ringi da silinda in ba a kula da matacin iska ba. Ya girgiza wili ya ji ko kiranshaf na wasa a mazauninsa. Ya duba farantin lamba, domin shi ke bambanta ɗan Ingila da kwafin Indiya, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

In duk wannan ya yi kyau, a zuba masa gas kaɗan a tayar da shi, da safe, yana da sanyi. Wannan sharaɗi ne babba, domin inji mai rauni yakan tashi in ya ɗumama, ya ƙi in ya kwana. Hayaƙi zai faɗi sauran. Baƙi yana nuna mai ba ya ƙonewa sosai, galibi matsalar nozul, gyara mai sauƙi. Shuɗi yana nuna yana shan baƙin mai. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ya yi zafi kuwa abin tsoro ne. Daga nan a ɗaura masa bel a ba shi aiki, ko niƙa ko jan ruwa, na awa guda. Inji da ke kaɗawa babu kaya bai faɗi komai ba tukuna.

Akwai abin da nake roƙon mai sayarwa kada ya yi, ko da dillali ya ba shi shawara. Kada ya shafa sabon fenti a kan walda. Kada ya zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara. Kada ya tayar da injin tun da duku-duku don mai saye ya tarar da shi da ɗumi. Kada kuma ya kawo abokinsa ya tsaya yana ƙara taya alhali ba saye zai yi ba. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani a fili cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya saya ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Ƙarin taya na yaudara ma, wanda suke kira najashu, an hana shi. Ban da zunubin, kuɗin gado ne, za a raba shi a bakin marayu. Cinikin da ya fi ɗorewa shi ne wanda mai kaya zai ce, "Alhaji, ringinsa ya gaji, nozul ma sai ka sauya, amma jikinsa babu tsaga, ga shi nan ka gani." Mai saye da ya ji haka yakan rage ja-in-ja, domin abin da yake tsoro shi ne abin da ba a faɗa masa ba.

Shin a gyara kafin a sayar? Nan ne nake raba hanya da ɓangarorin biyu. Masu sikeli suna cewa kada a kashe ko kwabo, masu son inji suna cewa a yi masa gyara na gaba ɗaya. Ni ina ganin a kashe abin da zai sa ya tashi kawai: wanke tanki, sabon baƙin mai, gyaran nozul, gasket in ya kama. Tazarar da ke tsakanin kuɗin inji mai tashi da wanda ke kwance ta fi ƙarfin wannan ɗan kuɗin nesa ba kusa ba. Babban gyara kuwa a bar wa mai saye, shi ne ya san aikin da zai sa shi, shi ne kuma ya yarda da makanikensa. Da wuya mai sayarwa ya mayar da kuɗin da ya zuba a irin wannan gyaran.

Amfanin ɗan gwangwan a wurina shi ne ya ba mu ƙasan farashi. A kira shi ya taya, a rubuta, a ce masa albarka tukuna. Wannan adadi shi ne abin da injin ba zai gaza ba ko da ya mutu murus. A tambayi kuɗin sabon inji mai irin ƙarfinsa a kasuwa, shi ne saman. Tsakanin waɗannan biyu ake ciniki, kuma rahoton makanike ne ke nuna ko a matsa sama ko a sauko. Sai magada su yanka wa kansu wa'adi, wata ɗaya ko biyu, a sanar a kasuwannin mako na kewaye da wurin masu niƙa da manoman rani. Lokaci ma yana da hannu a ciki: injin ban ruwa ya fi kuɗi dab da shiga noman rani, na casa da niƙa kuma da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo kuma kuɗi na hannun mutane. In wa'adi ya cika babu mai so, ko makanike ya ce jikin ya tsage kuma kiranshaf ya karye, to a cire abin da ke da lafiya a sayar daban, sauran a ɗora kan sikeli babu nadama.

In ɗaya daga cikin magada ne ke son riƙe injin ya ci gaba da sana'ar, shi ya fi cancanta, amma da ƙimar da aka samu ta wannan hanya, a cire daga rabonsa. Kada a ba shi da kuɗin gwangwan don yana babba, kada kuma a tsawwala masa don ana ganin zai samu. Ranar sallama a rubuta takarda: sunan injin, lambarsa, aibin da aka faɗa, kuɗin da aka biya, la'adar dillali da wanda zai biya ta, da shaidu biyu, mai unguwa kuma ya sa hannu. Yanzu da satar ƙarfe ta yi yawa, mai saye ma yana buƙatar wannan takarda kafin ya ɗora injin a mota ya hau hanya.